Me Ya Haɗa Lauya Da Wutar Sola?

A wannan watan zancen wuta za mu yi, amma ta wata ƙofa da ba a saba shiga ta nan ba, wato ƙofar lauyoyi. Kada ki ce babu ruwanki, ki ɗan ba ni aron hankalinki zuwa ƙarshe, domin maganar za ta zo har cikin ɗakinki, za ta kuma taɓa 'yarki da ke aji biyar ko shida na sakandare.

Mu mutanen Rano da Kibiya akwai wasu abubuwa biyu da Allah Ya ajiye mana a maƙwabta, amma ba mu cika haɗa su a zance guda ba. Na farko madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aikin da aka faro a zamanin gwamna Audu Bako. Daga Rano in kika bi ta Rurum ba wata tafiya ba ce. Ruwanta ne ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure, kuma a jikinta ne gwamnatin jiha ta yi aikin tashar wuta mai ƙarfin megawat 10, wanda aka fara a zamanin Kwankwaso na biyu, Ganduje ya ci gaba da shi. Na biyu kuwa makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa, reshen Kano, da ke Bagauda, ita ma ba ta da nisa da Tiga. Duk shekara 'ya'yan mutane daga Legas da Inugu da Fatakwal suna zuwa can su yi karatun da zai ba su damar sa rigar lauya, su gama su koma garuruwansu.

To ga ruwa, ga rana wadda ba sai an ba ki labarinta ba, ga kuma makarantar masana doka. Amma in magariba ta yi ki leƙa Tarai ko Durba ko Saji, ki ga da me yara suke bitar karatu. Tocilan ce, ko fitilar waya, wayar ma an kai ta shagon caji an biya kuɗi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan masu zama cikin duhu. Mu mun san muna cikin lissafin.

Yawancinmu in ana zancen wuta injiniya muke tunawa, ko yaron nan mai tsani da filaya. Ni kuwa wata lauya nake so na ba ki labarinta, sunanta Ifeoma Malo. Daga jin sunan kin san ba Bahaushiya ba ce, 'yar kudu ce. Doka ta karanta, ta ƙaro ilmi a ƙasar waje, kuma da ta ga dama da ta zauna a ofis mai sanyi tana rubuta wa manyan kamfanoni takardu har ta tsufa. Sai aiki ya kai ta Ma'aikatar Wutar Lantarki ta Tarayya a Abuja, a zamanin minista Farfesa Chinedu Nebo, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 2013 zuwa 2015. A can ta zama babbar mai ba da shawara kan manufofi da dokokin makamashi.

Ki lura da shekarun, domin ba ƙananan shekaru ba ne a tarihin wutar ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2013 ne gwamnati ta miƙa kamfanonin raba wuta guda 10 daga cikin 11 ga 'yan kasuwa. Abin da muka taso muna kira NEPA, wanda aka sauya masa suna zuwa PHCN a 2005, a nan ya watse, mu kuma a Kano da Katsina da Jigawa muka faɗa hannun KEDCO. Har gobe dai in an kawo wuta yara NEPA suke yi wa ihu. Wannan cinikin gaba ɗayansa a takarda aka yi shi: wa ya sayi me, wane alkawari ya ɗauka, in ya saɓa me za a yi masa. Duk wanda ya zauna a ma'aikatar a lokacin ya ga yadda ake ɗinkin, ya kuma ga iyakarsa. Ɗan kasuwa ba zai ja waya kilomita talatin zuwa ƙauye mai gida ɗari biyu ba, alhali ya san ba zai mayar da kuɗinsa ba. In an ce ƙauye ya jira babban layi, to jiran gawon shanu ne.

Bayan ta bar ma'aikatar, sai wannan baiwar Allah ta juya ga waɗanda layin bai kai gare su ba. Ta jagoranci reshen Najeriya na wani gangami na duniya mai suna Power for All, wanda kiransa shi ne a kai wa mutane wuta ta hanyar sola da ƙananan tashoshi na gari-gari, ba sai an jira babbar tasha ba. Tana cikin waɗanda suka taimaka aka kafa ƙungiyar masu sana'ar sola da dangoginta ta ƙasa, wadda ake kira REAN, domin su riƙa magana da murya ɗaya. Sannan da ita aka kafa wata cibiya a Abuja mai suna Clean Technology Hub, wadda ke bincike da horar da matasa da mata kan makamashi mai tsafta. Har ta kai an sa ta a kwamitin gudanarwa na ƙungiyar kare muhalli ta duniya, Greenpeace.

Yanzu sai ki ce, to Malama, ita da ba ta iya haɗa waya ba, me ta tsinana? Bari na ba ki misali guda, a nan ne zancen yake.

A ce wani mai kuɗi ya zo Fammar ya ce zai kafa farantan sola da manyan batura a bayan gari, ya ja waya zuwa gidaje da shaguna da injin niƙa da asibitin sha-ka-tafi, kowa ya riƙa biyan abin da ya sha. Kayan aikin suna nan a kasuwa, masu haɗawa suna nan a Kano. Amma kafin ya fitar da ko kwabo sai ya tambayi kansa: wa ya ba ni izinin sayar da wuta? Nawa zan sayar, kuma wa zai yanke farashin? Filin na wane ne? Babbar tambayar kuma, in na kashe miliyoyina, bayan shekara biyu kamfanin raba wuta ya jawo layinsa ya ce garin nan yankinsa ne, na kwashe kayana, wa zai biya ni? Shekara da shekaru babu amsar waɗannan tambayoyi a rubuce, don haka masu kuɗin suka riƙe abinsu. Rana tana fitowa tana faɗuwa a banza.

Sai a 2016 hukumar da ke sa ido kan harkar wuta ta ƙasa, NERC, ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi, ta kuma sabunta su a 2023. A ciki aka fayyace cewa ƙaramar tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta wadatar mata, wadda ta fi haka har zuwa megawat 1 sai ta nemi izini. Aka ce dole a yi yarjejeniya a rubuce tsakanin mai tashar da mutanen garin. Aka kuma ce in babban layi ya iso daga baya, mai tashar da ke da izini yana da haƙƙin diyya, ba a kore shi hannu rabbana ba. 'Yan shafuka ne, uwargida, babu fanel ko ɗaya a cikinsu, amma bayan fitowarsu ne masu zuba jari suka fara shigowa da gaske. Irin wannan takarda ba ta faɗowa daga sama. Sai an sami masu bin ofis-ofis, masu karanta daftari layi-layi su ce wannan sakin zai cuci talaka, wancan zai kori mai jari. Aikin da su Ifeoma suka sa a gaba ke nan.

Wani misalin ya fi kusa da aljihunki. A 2018 hukumar kwastan ta fara karɓar haraji a kan farantan sola da ake shigowa da su, alhali a da ba a biya, saboda kawai an sauya rukunin da ake lissafa su a ciki. Canjin layi ɗaya a littafin kwastan, sai ga shi farashi ya motsa a kasuwar Sabon Gari. Ƙungiyar nan ta REAN ce ta fito ta yi ta ƙorafi a kai. Ke da kike tara kuɗin adashi don ki sayi ɗan fanel na fanka da ƙwai biyu, ba ki san an yi wannan dambarwa a kanki ba.

Kuma ba ita kaɗai ce lauyar da harkar wuta ta bi ta hannunta ba. Sam Amadi da ya shugabanci NERC daga 2010 zuwa 2015 lauya ne. Babatunde Fashola da ya yi ministan wuta daga 2015 zuwa 2019 babban lauya ne. Ko sun yi abin kirki ko ba su yi ba, wannan zancen wata rana ne, kowa yana da bakinsa. Abin lura dai shi ne kujerun da ake yanke hukuncin haskenmu a kansu, sau da yawa masana doka ne a zaune.

An ga ɗan abin da ya biyo baya a Kano. A 2018 aka fara sa wa shaguna sola a kasuwar Sabon Gari ƙarƙashin wani shiri na hukumar kai wuta karkara, REA. A 2019 aka buɗe tashar sola ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, a farkon 2023 kuma shugaba Buhari ya buɗe wata mai megawat 10 a yankin Challawa. Duk cikin birni da kewayensa, kin dai gani. Amma babban abin ya faru ne a 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki a watan Maris, sannan aka sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki a watan Yuni. Tun daga nan jiha tana da ikon yin tata dokar, ta kafa tata hukumar, ta samar da wuta ta raba a cikin iyakarta. A da sai a ce mana komai a Abuja yake. Yanzu ɗan majalisar jiha da kika yi layi cikin rana kika zaɓa yana da ta cewa, kuma in ya zo gaisuwar sallah ana iya tambayarsa.

Sai dai ina da ƙorafi a kan masu wannan fafutuka, kuma zan faɗe shi ba tare da na rage musu daraja ba. Yawancin aikinsu a manyan otal na Abuja ake yinsa, da Turanci, gaban baƙi masu ba da tallafi. A yi hoto, a ci abinci, a fitar da rahoto mai kyan bango. Matar da ake ambato a kowane shafi na rahoton, wadda ke tsugune gaban murhu idonta na hawaye, ba ta san an yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta. Madalla. Amma ki tsaya bakin titi ki ƙirga motocin itace da buhunan gawayi da ke fitowa daga kudancin jihar nan suna nufar birni, za ki san takardar ba ta iso ba tukuna. Kuma ɗan fanel ɗin da ke kan rufinki ba ya tuƙa tuwo. Ban ga laifin 'yar kudu don ba ta jin Hausa ba, ta yi nata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ne ba mu tura namu ba.

Kafin mu zo kan wannan, bari mu shiga gida, domin akwai dokar da ta riga ta zama taki, ko da ba ki da lauya.

Kin san yadda ake yi in taransifoma ta ƙone. A bi gida-gida, kowane maigida ya kawo kaza, wanda bai bayar ba a ce za a cire masa waya. Sau da yawa ma kuɗin cefanenki ne ke tafiya. To hukumar NERC ta sha nanatawa cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi ba nauyin masu shan wuta ba ne, nauyin kamfani ne. In mutanen unguwa sun gaji da jira sun ce za su saya da kansu, akwai hanyar da aka tsara: a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin tun kafin a kashe kuɗin, yadda za a mayar musu da shi ta hanyar wutar da za su sha. In ba a yi takardar ba, kyauta kuka yi wa kamfani, kuma wata na ƙarewa bil zai zo.

Haka zancen bil na ƙiyasi ga wanda ba shi da mita. Tun 2020 hukumar ta sa iyaka ga abin da za a iya rubuta wa irin wannan gida, ba a yarda a yanko adadi daga ka ba. An kuma kasa layuka rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni. Ki ɗauko bil ɗinku ki duba rukunin da aka sa ku, ki kwatanta da wutar da kuke gani. In akwai ƙorafi, ba a baki ake yinsa ba. A rubuta wa sashen karɓar koke na kamfanin, a karɓi shaidar an kai, a ajiye kwafi. In an yi shiru, a wuce ofishin sauraron koke na NERC, akwai shi a Kano, a jihohin da suka kafa tasu hukumar kuma can ake kaiwa. Na san maigida zai ce ɓata lokaci ne. Wataƙila. Amma mutum ashirin masu takarda ɗaya da sa hannu ashirin sun fi mutum ɗari masu tsaki a majalisa.

Inda na fi jin tsoro shi ne solar bashi, wadda ta shigo gidajenmu sosai tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 janareto ya gagari kowa. Ana zuwa har tsakar gida, a nuna miki akwati da fanel da fanka, wani har da talabijin, a ce ki ba da kaɗan ki riƙa biyan saura duk wata. Abin yana da amfani ƙwarai, na ga gidajen da ya canza musu rayuwa, na ga masu sayar da zoɓo da ƙanƙara da suka tsaya da ƙafarsu ta dalilinsa. Amma na ga wata maƙwabciyata da ta biya wata tara ba fashi, rashin lafiyar ɗa ta sa ta tsallake biyu, aka kashe na'urar daga nesa, daga baya aka zo aka kwashe kayan. Da ta ce ina kuɗinta na wata tara, sai aka nuna mata inda ta dangwala yatsa. Takardar shafi huɗu ce da Turanci, da ƙananan haruffa, kuma ba a bar mata kwafi ba. Ta kawo mini kuka, ni kuma babu abin da zan karanta mata.

Ke da kika zauna a aji kin san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Saboda haka ba baƙon abu nake kawo miki ba. Kafin ki dangwala, a gaya miki jimillar abin da za ki biya daga farko zuwa ƙarshe, ba na wata ɗaya kawai ba, ki kwatanta da kuɗin kayan in da hannu za a saya. A gaya miki kayan na wane ne kafin ki gama biya, da abin da zai faru in kin makara, da makomar abin da kika riga kika bayar in an karɓe. Ki tambayi garantin batir daban, domin fanel yana iya shekara ashirin yana aiki, batir ne ke mutuwa da wuri kuma shi ne mai tsada. In ya lalace wa zai gyara, a Rano yake ko sai an je Kano? Duk amsar da aka ba ki, a nuna miki inda take a takardar. Maigida ya sani, wani mai karatu ya karanta a gabanku, ki riƙe kwafinki a ƙasan akwati tare da takardar haihuwar yara. Mai sayarwar da ya ce sauri yake yi, ki bar shi ya tafi, wani zai zo. In kuma an cuce ki da jabun kaya, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, jihar Kano ma tana da tata.

To yanzu mu zo kan 'yarki. Kusan duk shekara a cikin 'yan ajina na manya sai an sami yarinya ɗaya mai kaifin kai, mai son bin diddigin magana, wadda in kika ba ta hukunci sai ta tambayi dalili. In na ce me kike so ki karanta, a hankali take cewa doka, kamar mai faɗin abin kunya. In an je gida sai a ce a'a, ta yi aikin jinya ko koyarwa. Ni malama ce, ba zan raina koyarwa ba. Amma dalilan da ake bayarwa ne nake so mu duba.

Ana cewa lauya maƙaryaci ne, mai kare ɓarawo. Akwai irinsu, kamar yadda akwai ɗan kasuwa mai tauye mudu, ba a kuma hana kowa kasuwa ba saboda shi. Wakilci a shari'a babi ne sananne a fiƙihu, yana cikin Tuhfa da alƙalanmu ke aiki da ita. Sannan lauyoyi da yawa ba sa ma zuwa kotu. Aikinsu rubuta yarjejeniya, duba takardun fili, rabon haƙƙi, ba hukuma shawara, irin dai abin da na ba ki labari a sama. A Jami'ar Bayero ana haɗa wa ɗalibi dokar ƙasa da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya.

Ana cewa sai ta cire hijabi. Wannan tsoron yana da tushe a da. A watan Disamba na 2017 an hana wata ɗaliba 'yar Ilori, Firdaus Amasa, shiga zauren rantsar da lauyoyi saboda ta ƙi cire nata. Ta tsaya a kan bakanta, aka yi ta muhawara a faɗin ƙasa, a watan Yuli na 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Ta buɗe wa na bayanta ƙofa.

Ana kuma cewa ba aikin matan Arewa ba ne. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, tun shekarun 1960, kuma ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga 2012 zuwa 2014. A 2023 aka naɗa mai shari'a Dije Aboki babbar alƙaliyar jihar Kano. Hanya dai ba yau aka share ta ba.

Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne karatun yana da tsawo da tsada. Shekara biyar a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba, sannan kusan shekara guda a makarantar lauyoyi, wadda kuɗinta ba wasa ba ne. Zancen aure zai taso a tsakiya, kuma gara a yi shi a fili tun wuri da duk wanda ya fito, a sa karatun cikin sharaɗi da sanin waliyyai, maimakon a bar shi a kan alkawarin zance na dandali. Na ga waɗanda suka gama da goyo a baya, na kuma ga waɗanda aka ce su dakata sai an haihu, yau shekara goma ke nan.

Dalilin da ya sa na damu shi ne abin da ke tafe. A ƙarshen 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa wutar sola da ƙananan tashoshi a Najeriya. Ko ba daɗe ko ba jima kamfanoni za su zo garuruwa irin namu da takarda a hannu, su zauna da dagaci da 'yan kwamiti a ƙofar fada. A takardar za a rubuta farashi, da shekarun da garin zai ɗaure kansa, da filin da za a bayar, da ko asibiti da makaranta za su sami rangwame. Kamfani zai zo da lauyansa. Ina so a ce a ɓangarenmu ma akwai wadda za ta karɓi takardar ta karanta, ta juyo ta yi wa mutane bayani da Hausar da suke ji, wadda ta san mai injin markaɗe da rana take buƙatar wuta mai ƙarfi, ta san ɗakin haihuwa da tsakar dare yake buƙatarta. Baƙo ba zai tuna da waɗannan ba, ba don mugunta ba.

In 'yarki na da wannan sha'awar, akwai abu ɗaya da za ki bincika tun wannan zangon, kada a bari sai an zo cike fom. Karatun doka yana buƙatar darasin adabin Turanci, a jarrabawar kammala sakandare da kuma ta JAMB, ga shi makarantunmu na karkara da yawa ba su da malaminsa, wasu ma ba sa yi wa yara rajistarsa. Yarinya sai ta ci komai da kyau, a zo neman gurbi a ce babu wannan. Ki aika a tambayi shugaban makarantarsu ko ana koyar da shi. In ba a yi, a nemo mata littattafan da aka tsara na shekarar da wanda zai riƙa bi da ita ko da Asabar da Lahadi ne, a kuma tabbatar an sa shi cikin darussan da za ta zana.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara. Wassalam.